Takarda biyu, zuciya ɗaya: wane awon eko za mu riƙe?

Yayan Amarya (Gyallesu): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman wanda zai fitar da ni daga duhu. Ƙanwata ce, shekararta 24, ba ta fi wata bakwai da aure ba. Tun bayan babbar salla take fama da haki, ko tsakar gida ta share sai ta nemi bango ta jingina, da dare kuma sai an tara mata filo uku. Aka ce a yi mata hoton zuciya, wanda suke kira eko. An yi a wani wuri, aka ce ƙofar zuciyarta ta ɓangaren hagu ta tsuke, faɗinta 1.2, matsi kuma 14. Mijinta bai natsu ba, bayan mako uku ya kai ta wani wurin daban, can aka rubuta 1.7 da matsi 7. Yanzu gida ya rabu biyu. Inna ta rungumi takarda ta biyu tana cewa sauƙi ya samu, ni kuwa ta farkon ce ta hana ni barci. Wacce ce gaskiya?

Na-Kwangila: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Amma ni dai na daɗe ina faɗa, wannan injin abin da mai shi yake so shi yake nunawa. Ka je wuri na uku ka ga in ba a ba ka lamba ta uku ba.

Anti Nas: Haba Na-Kwangila, mutum yana cikin damuwa kana ƙara masa. Yayan Amarya, tsakanin awon farko da na biyu an ba ta magani? Kuma duba takardun, akwai inda aka rubuta HR, wato yawan bugun zuciya a minti ɗaya, ka faɗa mana lambar da ke gabansa.

Yayan Amarya (Gyallesu): An ba ta, Anti. Na rage ruwa a jiki, da na saisaita bugun zuciya, da na ƙarin jini don an ce jininta ya yi ƙasa. Ranar farko ma da zazzaɓi muka kai ta. HR na farko 118, na biyu 76.

Anti Nas: To ka ga bakin zaren. Bari Dakta ya fito daga kilinik, shi zai warware maka sauran.

Malamin Fiziks (Samaru): Kafin ya zo bari in share masa fili, don wannan ɓangaren gonata ce. Abin da mutane ba su gane ba shi ne injin eko ba ya auna matsi ko kaɗan. Gudun jini yake aunawa. Ka taɓa tsayawa a bakin titi motar asibiti ta taho da jiniya? Tana tunkaro ka muryar jiniyar siririya ce, tana wuce ka sai ta yi kauri. Wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana dalilin wannan a 1842, shi ya sa ake kiran awon da sunansa. Injin yana aika sauti cikin ƙirji, sautin ya bugi ƙwayoyin jini ya dawo, daga yadda muryarsa ta sauya sai a san gudun jinin. Sannan a ɗauki gudun, a ninka shi da kansa, a ninka da huɗu, shi ne matsin. Jini mai gudun mita 2 a daƙiƙa, matsi 16. Mai mita 4, matsi 64. Ka lura, gudu ya ninka sau biyu kawai amma matsi ya ninka sau huɗu. Don haka ɗan kuskure a gudun ba ya zama ɗan kuskure a takarda.

Mai Ban-ruwa (bakin Galma): Malam, wato kamar in na danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan ya tsinke ya yi nisa?

Malamin Fiziks (Samaru): Shi ke nan, ka gama darasin. Ƙara da wannan: bakin tiyon yana nan yadda ka danne shi, amma ka ƙara wa inji wuta. Me zai faru?

Mai Ban-ruwa (bakin Galma): Ai sai ya nemi ƙwace mini tiyon, feshin ya ƙaru.

Malamin Fiziks (Samaru): To ramin bai sauya ba, injin ne ya sauya.

Na-Kwangila: Duk wannan lissafin allo ne. Ni tambayata, in awo awo ne, don me mudu biyu za su saɓa?

Likitan Zuciya: Salamu alaikum, yanzu na samu zama. Na karanta daga sama. Yayan Amarya, Allah ya ba ta lafiya. Ba zan iya duba mara lafiya ta waya ba, amma takarda zan iya taya ka karantawa. Malam ya riga ya yi rabin aikin. Maganar 14 da 7 ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan. Wannan ƙofar da ake magana, mitral, tana tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na hagu, kuma jini yana ratsa ta ne a ɗan lokacin da zuciya take sakin jiki tsakanin bugu da bugu. In zuciya tana gudu 118, wannan ɗan lokacin shi ne ya fi gajarcewa, sai jini ya yi ta cunkoso a bakin ƙofa kamar an tashi daga masallacin Juma'a ta ƙofa ɗaya. Ga zazzaɓi, ga ƙarancin jini, dukkansu suna sa zuciya ta ƙara yawan abin da take turawa. Da aka sauko da bugun zuwa 76 sai matsin ya faɗi. Lambobin nan biyu suna iya zama daidai, kowacce a ranarta. Shi ya sa duk takardar da ta rubuta matsin wannan ƙofa ba ta rubuta bugun zuciya ba, ni ban ɗauke ta cikakkiya ba.

Faɗin ƙofar shi ne abin tsayawa. Magani ba ya buɗe ƙofar da ta manne. Duba mini, a gefen 1.2 da gefen 1.7 an rubuta hanyar da aka bi?

Yayan Amarya (Gyallesu): Ranka ya daɗe, a ta farko akwai wata doguwar kalma mai farawa da "plani". A ta biyu an rubuta PHT 130. Sannan a ƙasa duka biyun sun rubuta AR, ɗaya ta ce matsakaici.

Likitan Zuciya: Madalla. To ba mudu ɗaya aka auna da shi ba, Na-Kwangila ka ji. Mai awon farko ya tsayar da hoton ƙofar a lokacin da ta buɗe iyakar buɗewarta, ya zagaye bakinta da layi, injin ya lissafa abin da ke ciki. Ƙofar da wannan ciwon ya kama, in ka kalle ta ta gaba, sak bakin kifi. Wannan hanya ita muka fi dogara da ita a irin ciwonta, domin ba ruwanta da gudun zuciya. Amma tana son hannu. Ƙofar kamar mazurari take, sai ka yanka hoton daidai kan tsininta. Ka ɗan hau sama kaɗan sai ka auna wuri mai faɗi, ka ce da sauƙi alhali babu. In kuma ka cika wa hoton haske, gefunan su yi kauri, ramin ya fito ƙarami.

Na biyu bai kalli ramin ba sam. Ya auna tsawon lokacin da matsi yake ɗauka kafin ya sauko zuwa rabinsa, sannan ya raba 220 da wannan lokacin. Raba 220 da 130, ka samu kusan 1.7. Ita wannan 220 ba daga sama ta faɗo ba, wata likita ce a ƙasar Nowe, Liv Hatle, da abokan aikinta suka fitar da hanyar a ƙarshen shekarun 1970, daga abin da suka gani a jikin marasa lafiya. Tana aiki sosai, ni ma kullum ina amfani da ita. Sai dai tana da sharaɗi: tana ɗauka cewa ta ƙofa ɗaya kawai jini yake shiga ɗakin ƙasa. AR ɗin nan da ka karanto yana nufin ɗaya ƙofar, ta babbar jijiya, tana yoyo, jini yana komowa baya. Ɗaki yana cika ta ƙofa biyu, sai ya cika da wuri, lokacin ya gajarce, lissafi ya ba ka faɗin da ya fi na gaskiya.

Yayan Amarya (Gyallesu): Innalillahi. Wato takardar da Inna take murna da ita ce mai ruɗin?

Likitan Zuciya: Ban ce tabbas ba, ban ga hotunan ba. Na ce akwai dalilin da zai sa in yi taka-tsantsan da 1.7 ɗin, kamar yadda akwai dalilin da zai sa kada 14 ɗin ta firgita ka. Kowace takarda da inda ta fi ƙarfi. Kuma bambancin ba na wasa ba ne. Lafiyayyiyar ƙofar nan tana kai murabba'in santimita 4 zuwa 6, kuma daga 1.5 zuwa ƙasa ne ake lissafa tsukewar a matsayin mai tsanani. Takardunku ɗaya tana wannan gefen layin, ɗaya tana wancan.

Injiniya: Dakta, da girmamawa. Ni a wurin aikina in ina son sanin matsin da ke cikin bututu, geji nake ɗaura masa in karanta. Ba na tsayawa daga waje ina sauraren ƙara ina lissafi. Na ji ana zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya a auna kai tsaye. Me ya sa ba za a yi mata wannan a huta ba?

Likitan Zuciya: Ana yi, kuma kafin zuwan eko shi ne kaɗai hanya. Amma kada ka ɗauka shi ba lissafi ba ne. Matsi yake aunawa, faɗin ƙofa kuwa sai an bi ta wani lissafi da Richard Gorlin da mahaifinsa suka fitar a 1951. Mahaifin ma injiniya ne irinka. Lissafin yana buƙatar a san yawan jinin da zuciya take turawa a minti ɗaya, shi kuma wannan awon yana da nasa kurakuran, musamman in wata ƙofa tana yoyo. A ƙofar mitral ma sau da yawa ba a shiga ɗakin saman kai tsaye, ta jijiyar huhu ake kintatar matsinsa, kuma hakan yakan ƙara lambar. Ga kuɗi, ga huda jijiya, ga hasken da ake haska mutum da shi. Shi ya sa yanzu sai in eko ya saɓa da abin da jikin mara lafiya yake nunawa ake komawa gare shi.

Injiniya: Ban gamsu duka ba. Geji geji ne. Amma na karɓi maganar cewa faɗin ramin kowa lissafa shi yake yi.

Ɗiyar Baba (Sabon Gari): Don Allah ku ba ni dama in shigo da tawa, tunda an taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mahaifinmu shekararsa 71, shi tasa ƙofar babbar jijiya ce ta tsuke, an ce tsufa ne ya sa ta ƙandare. Awon farko cikin minti goma aka gama, aka ce matsakaici ne. Amma sau biyu yana yanke jiki ya faɗi, ɗaya a hanyar masallaci. Da muka sake, wata likita ta shafe fiye da rabin sa'a a kansa. Ta kwantar da shi ta hagu, ta juya shi ta dama, ta ɗaga masa haɓa ta danna a ramin wuya. Daga baya ta ɗauko wani ɗan ƙaramin abu kamar alƙalami, babu hoto a allon ma, ta ƙara sautin tana saurare, yana fiit fiit kamar ana fito. Baba har ya ce mata, 'yata, waƙa kike nema a ƙirjina? Ita ce ta ce mai tsanani ne. Na daɗe ina tunanin ko tsoratar da mu ta yi.

Malamin Fiziks (Samaru): Ba tsoratarwa ba ce, kusurwa take nema. Dole sautin ya bi layi ɗaya da jinin. In ya karkace da digiri 20, gudun zai ragu da kashi 6 cikin ɗari, matsi kuma da kusan kashi 12. In ya kai digiri 30, jinin da yake gudun mita 4 zai fito kusan 3.5, matsin 64 ya koma 48. Kuma karkacewa ragewa kawai take yi, ba ta ƙarawa. Wanda ya samu lamba mafi girma shi ya fi kusa da gaskiya.

Likitan Zuciya: Da sharaɗi ɗaya, Malam: in jinin da ya kama na ƙofar da yake nema ne. Yoyon ƙofar mitral ma yana da gudu sosai, kuma yana kusa, wanda bai ƙware ba yana iya kama shi ya ɗauka na babbar jijiya ne. Ban da wannan, maganarka haka take. Ƙofar da ta ƙandare ba ta fesa jini a miƙe, shi ya sa ake zagaya ƙirji ana nema, kuma a tsofaffi da yawa ta gefen dama na ƙashin ƙirji ake samun gudu mafi girma. Mita 4 a daƙiƙa shi ne layin tsanani a wannan ƙofar, tare da matsi 40 in an ɗauki tsaka-tsakinsa, da faɗin da bai wuce 1.0 ba. Ka ga 3.5 da 4 ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai ita.

Wani wurin da ake zamewa shi ne lissafin faɗin. Ana auna faɗin hanyar da ke ƙarƙashin ƙofar, a ɗauka da'ira ce, a fitar da girmanta. In ka auna santimita 2.0, girman 3.14 ne. Wani ya auna 1.8, ya samu 2.54. Milimita biyu kacal, kaurin tsinken ashana. A mutum ɗaya, wannan yana iya mayar da ƙofa mai 1.1 ta zama 0.9. Ƙari a kan haka hanyar ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta fi kama da ƙwai. Sannan akwai wanda zuciyarsa ta gaji, ba ta iya turawa da ƙarfi, sai matsi ya fito ƙasa alhali ƙofar a tsuke take ƙam. Irin wannan akan sa masa wani magani ta jijiya mai zaburar da zuciya a sake aunawa, ko a yi hoton siti, wato CT sikan, a ga yawan ƙandarewar. Ɗiyar Baba, tsohon da ƙofarsa ta tsuke har yana suma, wannan ba abin jira ba ne. Ku koma wurin likitar nan.

Ɗiyar Baba (Sabon Gari): Muna kan hanya, Dakta, kuɗin aikin ne ya tsayar da mu. A sa mu a addu'a.

Anti Nas: Allah ya hore, ya kawo mafita.

Dattijon Birni: Ina ta karatu ban sa baki ba. Mu da muka yi aikin jinya a da, abin sauraren ƙirji ne kawai da hoton ƙirji. Likita zai kwantar da mace ta gefen hagu, ya kafa kunne, ya ce ƙofa ta tsuke, kuma sau da yawa haka ne. Garin nan ba baƙo ba ne a harkar zuciya. A shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa sun yi bincike a nan Zariya kan ciwon zuciyar masu jego, da alaƙarsa da kunun kanwa da zafin wankan jego, har duniya ta san da shi. Abin da nake gani yanzu, yara suna karanta takarda ba sa kallon mai takardar. Yarinya tana kwana a kan filo uku, wane 1.7 kuma?

Likitan Zuciya: Baba, Allah ya ƙara girma. Da za ka zo ka faɗa wa ɗalibaina wannan da na ji daɗi. Amma zan ɗan kare injin. Kunne yana gaya maka ƙofa ta tsuke, ba ya gaya maka ko za a iya buɗe ta da ɗan balan-balan da ake zurawa ta jijiya ko sai an tsaga ƙirji. Wannan sai eko: kaurin ƙofar, ƙandarewarta, yawan yoyonta, da ko jini ya daskare a ɗakin sama. Na ƙarshen ma sai an zura na'urar ta maƙogwaro a leƙo zuciyar ta baya.

Na-Kwangila: To ni yanzu na sassauta, amma ba duka ba. Kun ce ba ha'inci ba ne, hannu ne. Talaka ina zai san hannun da ya ƙware? Kuɗi ɗaya ake karɓa.

Anti Nas: Wannan kam gaskiyarka ce. Abin da nake gaya wa mutanena, ku lura ko an juya mara lafiya an duba ta wurare daban-daban, ku karɓi takarda mai lambobi ba mai layi biyu ba, kuma in da hali a ba ku hotunan a waya ko a faifai. Sannan Yayan Amarya, akwai abin da ba a taɓo ba. Tana yarinya ta yi fama da ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi?

Yayan Amarya (Gyallesu): Ƙwarai. Tana aji huɗu na firamare gwiwoyinta suka kumbura, yau wannan gobe waccan, aka ce sanyi ne, aka yi ta shafa mata man zafi.

Anti Nas: Shi ne mafarin. Ƙwayar cutar maƙogwaro ce, in ba a kashe ta da magani ba jiki yakan juya ya yaƙi ƙofofin zuciyarsa, sai bayan shekaru abin ya fito. Ka tambayi likitanta maganar allurar fenisilin ta wata-wata. Kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, na san da nauyi tsakanin wa da ƙanwa, ka sa matarka ko Inna ta yi mata maganar. Amarya ce. Juna biyu yana ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, ga bugun zuciya yana ƙaruwa, duk ta wannan ƙaramar ƙofar za su bi. A san matsayinta tun yanzu.

Likitan Zuciya: Anti ta riga ni. Ku haɗa takardun biyu ku kai wa likitan zuciya, ko a asibitin koyarwa na Shika ko duk inda kuka samu ƙwararre. Ku roƙa a sake awon tana cikin natsuwa, a auna faɗin ta hanyoyi biyu ko uku a zama ɗaya, a rubuta bugun zuciya da matsin jijiyar huhu. In bugun nata ba ya tafiya daidai, sai an auna bugu biyar ko fiye an ɗauki tsaka-tsaki. Kada ta daina maganin da take sha don an ga 7.

Yayan Amarya (Gyallesu): Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira mijin, mun shirya ranar Litinin da sassafe. Inna ce dai ban san ta inda zan ɓullo mata ba, ta riga ta sa an dafa abincin sadaka.

Dattijon Birni: Bar ta ta yi sadakarta, ɗana. Ka ce mata likita yana son ya ƙara dubawa, iyakarta ke nan.

Mai Ban-ruwa (bakin Galma): Dakta, tambaya ta ƙarshe. Yaron wajena ɗan shekara tara yana yawan ciwon maƙogwaro, uwarsa tana cewa a kai shi wurin wanzami a cire beli. In kawo shi a yi masa ekon ne?

Likitan Zuciya: Kada a kai shi wurin wanzami. Ka fara kai shi a duba maƙogwaron a saurari ƙirjinsa, in an rubuta magani ya shanye shi duka ko da ya warke a kwana biyu. In an ji wani sauti a ƙirjin, sannan a yi maganar eko.